Sandar da Ta Yi Shiru a Ƙofar Kara

Dillalan karar shanu ta Kafin Ɗorawa sun yi zalunci, kuma da rana tsaka suka yi shi, a gaban kowa. Sun kama Malam Sha'aban, dattijon da ya tsufa yana gadin ƙofarsu, suka ɗaure shi a turken da ake ɗaure bijimi mai tunkuyi. Ba shaida, ba bincike, ba wanda ya ce a dakata. Haka taro yake. In jini ya zuba, marar gata ake fara nema.

Ranar Alhamis ce ta kasuwa, cikin daminar 2008. Kafin Ɗorawa tana kan hanyar Azare zuwa Katagum, kuma daga kararta ake loda shanu a tirela zuwa kudu. Da hantsi aka tsinci Yunusa dillali a bayan tudun lodi, kife a cikin taɓo, an soke shi a baya. Wuƙar na gefensa, mai ƙota naɗe da fata irin wadda makiyaya ke ratayawa.

Bai kamata wuƙa ta shiga karar ba. Tun bara da aka yi faɗa aka sassari juna, ƙungiyar dillalai ta sayo na'urar gano ƙarfe daga wani kamfani a Kano, 'yar guntuwa mai faɗi kamar kan muciya. Mutane suka sa mata suna sanda mai kuka. Duk mai shiga sai Sha'aban ya shafa masa ita, in ta yi kuka ya ajiye makaminsa a bakin ƙofa. To da aka ga gawa, sai Alhaji Maikuɗi, sakataren ƙungiya, ya karɓi sandar ya goga ta a kan wuƙar a gaban jama'a. Ko uffan ba ta ce ba.

"Kun gani," in ji shi. "An saye mai gadi, ya kashe ta da hannunsa."

Nan take aka ɗaure Sha'aban. Aka kuma kulle wani makiyayi, Kawu, a ɗakin ajiyar kanwa, don an ji shi suna ɗaga murya da mamacin da safe. Aka buga wa 'yan sanda waya a Azare, suka ce ruwa ya cinye hanya, sai ya janye za su iso.

*

Umara yana gonarsa yana maimai Dijatu matar Sha'aban ta same shi, zanenta jiƙe har gwiwa.

"Malam Umara, sun ɗaure Malam a turke. Sun ce da shi aka kashe Yunusa. In 'yan sanda suka tafi da shi, gawarsa za a dawo min da ita."

Umara ya jingine fartanya. Babarbare ne, mai bin sawu. Daga Misau har Yana, in an kore wa mutum shanu shi ake nema. Ba ya durƙusa wa kowa, kuma bakinsa ba linzami, shi ya sa manya ke kiransa in sun matsu, su manta da shi in sun sami biyan buƙata.

A ƙofar kara ya cire wuƙarsa ya jefa kan tarin makaman da ke wurin, ko da yake ba mai gadi. Alhaji Maikuɗi ya tare shi, cikin babbar riga fara sol.

"Wa ya kira ka?"

"Gawa," in ji Umara, ya wuce shi.

Ya tarar da sarkin kara zaune a rumfar kwano, sandar na kan cinyarsa. Umara ya gaishe shi a tsaye.

"Ranka ya daɗe, abu ɗaya nake roƙo. Wannan sandar kada ta bar hannunka, ko limami ne ya ce a ba shi."

*

An riga an ɗauke gawar, kuma 'yan kallo sun tattake wurin kamar an yi sussuka. Umara bai ɓata lokaci a nan ba. Ya zagaya ta gefen shinge, inda ba mai bi sai wanda ba ya son a gan shi. A can ya sami sawu ɗaya tilo, ya zo ya koma.

"Takalmin roba ne," in ji wani dillali da ya biyo shi. "Na Fulani."

"Dubi ƙafarka."

Mutumin ya duba. Takalmin roba ne.

"Da damina har limami shi yake sawa," in ji Umara. "Matsa min daga haske."

Ya tsuguna ya bi sawun da ido. Na zuwan a hankali aka taka shi. Na komawar da sauri, kan yatsu ya nutse, dunduniya da ƙyar ta taɓa ƙasa. Amma abin da ya tsayar da Umara daban ne. Hanyar cike take da kashin shanu, kuma mai sawun bai taka ko ɗaya ba. Nan ya kauce, can ya yi dogon tsalle, gaba ya raɓa jikin shinge. Mutum ya kashe rai yana gudu, amma yana tsoron kada abu ya fallatsar masa a tufa. Makiyayi ba ya ma ganin kashin shanu, balle ya kauce masa.

Sawun ya ƙare a bakin rijiya, inda kowa ke wanke ƙafa. Daga nan ya narke cikin na jama'a.

*

Kawu na zaune kan buhun kanwa. Da ya ga wanda ya shigo sai ya saki fuska, don tsakanin Bafulatani da Babarbare ko a bakin kabari sai an yi tsiya.

"Bawana," in ji Umara, "yau dai an kama ka."

"Ka ji ubangidanka na tsare, ka zo ba ko ƙwaryar fura? Tarbiyyarka ta lalace."

"Me ya haɗa ka da Yunusa?"

"Ba faɗa ba ne. Kai ka san Yunusa, ko gaisuwa yake sai ka ɗauka zagi ne. Jawo ni ya yi in ga wani jan sa a garken da za a loda, wai tun jiya ya yi wa dillalin da ke riƙe da shi magana a kai. An datse masa kunne, danyen yanka, don a ɓatar da tsagar gidan masu shi. Amma ni na san wannan sa. Na dangin matata ne a wajen Itas, yana cikin waɗanda aka kore musu da bazara."

"Sai ka ce me?"

"Na ce ni baƙo ne, ba ruwana. Ya ce min matsoraci, na ce masa mai neman rigima. Ihun da aka ji ke nan. Ya rantse bayan azahar sai ya kai maganar gaban sarkin kara."

"San na hannun wa?"

"Bai faɗa ba. Na dai ga koren fenti a gadon bayansa."

A kara, kowane dillali yana da launin fentinsa. Da shi yake shafa wa dabbar da ya saya alama, don kada ta ɓace cikin ta wani in an zuba su a mota ɗaya.

"Ina wuƙarka?"

"Tana bakin ƙofa. Tsohon nan ai ko allura ce sai ya karɓe."

*

Sha'aban yana tsaye jikin turke, igiya ta ci masa hannu. Samari sun kewaye shi suna jifansa da baƙar magana. Dijatu ta tsaya a gabansa da muciya, ba wanda ya matso. Shi kuwa kansa a sama yake.

"Sannu, Malam Sha'aban."

"Ba na son sannu. Na shafa wa sarkin kara wannan sanda, na shafa wa limami, na shafa wa surukina ya yi fushi da ni har salla. Yau ni ake cewa an saya."

"Ba ni labarinta."

"Tun tana sabuwa take da ciwo ɗaya. Tana cikin aiki sai ta ɗauke, sai ka jijjiga ta farfaɗo. Na kai wa Ladan mai gyaran rediyo, ya taɓa wani abu ta warke. Da sakatare ya ji, sai ya hau faɗa, wai kamfani ya ba da garanti, su kaɗai ke da ikon gyara, kuma Ladan ya lalata ta. Da ciwon ya dawo, sakataren ne ya ɗauke ta ya ce ya kai Kano. Ya dawo da ita an manna wata farar takarda a murfin gidan batir. Ya ce hatimin kamfani ne, wanda ya yaga ya kashe garanti. Tun daga nan a gidansa take kwana, da safe ya ba ni."

"Yau ka gwada ta?"

"A kan zobena, kamar kullum. Ta yi kuka."

"Bayan nan wa ya riƙe ta?"

Sha'aban ya yi tunani. "Ba kowa. Sai sakataren, da ya je gida ya dawo. Ya ce in kawo ya ga lafiyarta, ya ɗan buga ta a tafin hannunsa, ya miƙo min. Na shafa masa, ya shige."

"Kore launin wa ne a karar nan?"

"Nasa. Da ja yake yi, irin na Yunusa. Yunusa ya kai ƙara cewa shanunsu na cuɗewa, to a kasuwar da ta wuce aka yanke cewa sakatare ya koma kore. Jiya da yamma ya fasa gwangwanin. Da kansa yake shafawa, ba ya yarda da hannun kowa."

"Sandar ta dawo daga Kano kafin wannan hukunci ko bayansa?"

"Kafinsa, da daɗewa. Me ya haɗa fenti da sanda?"

Umara ma bai sani ba tukuna. Yana da dalilin kisa, yana da sawu, amma ba shi da abin da zai ɗora a gaban mutanen da suka riga suka zaɓi mai laifinsu.

*

Ladan na ƙarƙashin bishiyar maina, wato dogonyaro, a bakin tasha, rediyoyi a buɗe a gabansa kamar an feɗe su. Labari ya riga ya iso masa cewa ana kiran sunansa, ya haɗa kayan aiki a jaka.

"Ina za ka?" in ji Umara.

"Katagum, wajen ƙanwata."

"In ka gudu ka amsa laifi. Zauna. Me ka yi wa sandar?"

Ladan ya zauna. Ya ɗauko wani ƙaramin batir mai kusurwa huɗu, da kawuna biyu a samansa kamar maɓallan riga.

"Irin wannan take ci. Akwai 'yar hula mai waya da ke kama kawunan nan. In bakin hular ya saki, sai ta riƙa taɓawa tana saki. Wutar ta zo, wutar ta tafi. Filaya na sa na matse bakin, shi ke nan aikin da na yi. Ko sisi ban karɓa ba, sai zagi."

"In mutum ya buɗe bakin da gangan fa?"

"Za ta yi aiki muddin ba a girgiza ta ba. Ka buga ta sau ɗaya, hular ta zame, ta mutu. Mai riƙe da ita ba zai sani ba, don shirunta na lafiya da shirunta na mutuwa duk ɗaya ne."

"Kamfani yana manna hatimi a gidan batir?"

Ladan ya yi dariya duk da tsoron da ke cikinsa. "Ka taɓa ganin an sayar da doki an ɗinke masa baki? Batir abincinta ne, dole a canza. Hatimi a kan kusoshin jikinta yake, inda injin yake. Na faɗa wa sakatare haka, ya ce wa ya san garanti tsakanin mai zuwa Kano da mai zama a gindin maina."

"Taso mu je."

*

Bayan azahar Umara ya sa aka tara su a rumfar kwano: sarkin kara da dillalai, da Ladan, da Kawu da aka fito da shi. Turken da Sha'aban yake yana daf da rumfar, yana jin komai.

"Sawun wanda ya yi kisan yana gefen shinge," in ji Umara. "Mai tsoron kashin shanu ne. Wanda ya ce Kawu ne, ya tashi ya dubi ƙafar Kawu."

Wasu suka duba. Kashin ya bushe masa har ƙwauri.

"To Ladan ne ya lalata sandar, suka haɗa baki da mai gadi," in ji Alhaji Maikuɗi. "Mun gaji da tatsuniya. A jira hukuma."

"Za a jira. Alhaji, kai ka kai ta Kano?"

"Ni na kai."

"Suka gyara?"

"Suka gyara, suka rufe da hatiminsu. Ga shi nan kowa na gani."

"Tun daga ranar, wani ya buɗe ta? Kai ko waninka?"

"Ba wanda ya buɗe. A ɗakina take kwana, cikin akwati, makulli na aljihuna."

"Jama'a kun ji?"

Aka ce an ji. Umara ya miƙa hannu ga sarkin kara. Sarkin ya dubi sakatare, ya dubi Umara, ya rasa wanda zai ɓata wa. Umara bai jira ya gama shawara ba, ya ɗauke sandar daga cinyarsa.

Maikuɗi ya miƙe. "Kada ka soma. Kayan ƙungiya ne. In ka yaga takardar nan garanti ya mutu, kuma kai za ka biya."

"Yunusa ya mutu. Wa zai biya?"

"Ranka ya daɗe, ka hana shi. Wannan raini ne a gare ka."

"Umara," in ji sarkin kara a sanyaye, "ko a bari 'yan sanda su zo?"

"In sun zo, tsohon can za su jefa a mota, sandar kuma ta koma hannun mai akwati. Ban bari ba."

Ya sa farce ya ɓare takardar. Ba ta yi gardama ba, don gam ɗin da ake manne ambulan ne ya riƙe ta. Ya zare murfin, ya karkata sandar wajen haske.

Shi kansa bai san abin da zai gani ba. Ya sa ran ganin hular a sake, kuma a sake take, an buɗe bakinta da tsinin wani ƙarfe, ƙarcen sabo fil yana ƙyalli. Amma akwai ƙari. A bayan hular, inda ake dannawa da babban yatsa, da kuma gefen batir, akwai shatin yatsa na koren fenti.

Umara ya kai wa sarkin kara har gaban hancinsa. "Shinshina."

Sarkin ya shinshina. Ya miƙa wa na kusa da shi, sandar ta zaga hannu zuwa hannu. Ba dillalin da bai san warin ba.

"Ko dai kamfanin Kano shanu yake lodawa," in ji Umara, "ko kuwa an buɗe ta bayan an fasa gwangwanin kore. Jiya da yamma aka fasa shi. Sandar kuma cikin akwati ta kwana, makulli na aljihun mai shi. Ba ni na faɗa ba."

"Koren fenti ko'ina ana sayarwa," in ji Maikuɗi.

"Gaskiya ne. Nuna mana hannunka."

Hannuwan na cikin riga. Bai fito da su ba.

"Alhaji," in ji sarkin kara, wannan karon ba sanyi a muryarsa, "fito da hannunka."

Ya fito da su. An wanke su tas da kananzir, amma fenti ba ya barin gindin farce a kwana ɗaya.

Umara ya juya ga jama'a. "Ya saki hular da yamma, ya mayar da ita a hankali don ta yi kuka da safe. Ya koma gida ya ɗauko wuƙa irin ta makiyaya. A ƙofa ya buga sandar a tafinsa ta mutu, ya shiga da wuƙar a ƙarƙashin riga, don ya san Malam Sha'aban ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Dalilinsa yana tsaye a garken lodi, jan sa mai datsattsen kunne. Na sata ne, Yunusa ya gane, kuma yanzu da yana raye da yana nan yana faɗa muku. Ku je ku ga launin da ke bayansa."

Ba wanda ya je. Kowa ya riga ya ga jan san tun da safe.

Maikuɗi ya dubi mutanen da suka daɗe suna ci a tabarmarsa, ya ga babu mai dubansa. Ya koma ya zauna a ƙasa, cikin taɓon da ya wuni yana kaucewa.

Samarin da suka yi ta zagin Sha'aban suka ruga za su kwance shi.

"Kada wanda ya taɓa ni," in ji shi. "Ba ku kuka ɗaura ba. Waɗanda suka ɗaura su zo su kwance."

Dijatu ta fara kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, ba Alhaji ba Malam. Dillalai uku suka fito daga rumfa. Ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwantuwa, wuƙa kuma babu ko ɗaya a cikin karar sai wadda aka yi kisan da ita. Dole suka durƙusa a gaban tsohon, suna ja da farce da haƙori, har igiyar ta saki.

Sha'aban ya murza hannunsa. Bai ce musu ya yafe ba, su ma ba su sami bakin roƙo ba. Ya kama hanyar gida, matarsa na biye.

Ruwa ya janye gab da magariba, 'yan sanda suka iso suka tafi da Maikuɗi. Da aka tuntuɓi kamfanin, suka ce sandar ba ta taɓa komawa wurinsu ba. An mayar da jan san ga masu shi a Itas, aka kuma gano wasu satattun a garkensa. Ƙungiya ta cire shi daga sakatare tun kafin a shiga kotu. Babbar kotu ta same shi da laifin kashe Yunusa da gangan, ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya.